Giuseppe Di Vittorio: ɗan baremar Pulya da ya hana talaka cire hula gaban mai gona

Duk wanda ya dubi taswirar Italiya zai ga ta yi kama da takalmin soja mai dogon wuya. Dunduniyar takalmin nan, can kudu maso gabas, ita ce jihar Pulya, wadda masu jin Faransanci suka sani da sunan Pouilles. A arewacin jihar akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Taboliyere, kewaye da birnin Fojiya, wanda in ban da kwarin kogin Po babu filin noma mai girmansa a duk ƙasar. Daga watan Yuli zuwa Satumba dubban ƴan Afirka ne ke sunkuye a cikinsa suna tsinkar tumatir: ƴan Mali, Senegal, Gambiya, Gana, Najeriya, Burkina Faso da sauransu, kuma da yawansu ta Agadas suka bi zuwa Libiya kafin su hau teku. Akasari ba da awa ake biyansu ba, akwati ake ƙirgawa, babban akwati mai cin wajen kilo 300 a kan yuro 3 zuwa 4, wato jika 2 da ɗan wani abu na sefa. Ba mai gona ke ɗaukarsu da kansa ba. Wani dillali ne da Italiyawa ke kira caporale, kalma ɗaya da kafaran ɗin soja, shi ke zaɓen wanda zai yi aiki yau, shi ke kai su gona a motarsa, ya kuma yanki kuɗin mota da na ruwa daga cikin ladansu.

Wannan tsari ya girmi zuwan baƙaƙen fata nesa ba kusa ba. Shekara 120 da suka wuce ƴaƴan ƙasar ne ke tsayuwa a dandalin gari tun kafin asuba suna jiran a nuna su da yatsa. Daga cikinsu ne aka sami Giuseppe Di Vittorio, wanda mutanensa ke kira Peppino, yaron da bai gama firamare ba amma ya mutu yana shugaban babbar ƙungiyar ƙwadago ta Italiya.

Pulya tsohuwar ƙasa ce. Girkawa ƴan Sparta ne suka kafa birnin Taranto wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zama ɗaya daga cikin biranen da suka fi arziki a tekun Bahar Rum. A shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, janar Hanibal na Kartaj, mutumin ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, ya ragargaza rundunar Rumawa a Kanne, bakin kogin Ofanto, tafiya kaɗan daga garin da za a haifi Di Vittorio. Babbar hanyar Rumawa ta Appiya a Birindisi ta tsaya, inda jirage ke tashi zuwa gabas. Sai dai abin da ya fi shafar rayuwar talakan yankin ba waɗannan ba ne, tumaki ne. A 1447 sarki Alfonso na Aragon, mai mulkin Napoli, ya kafa hukumar karɓar harajin tumaki, irin jangalin da aka sani, wadda daga baya ta zauna a Fojiya. Duk lokacin sanyi makiyaya kan gangaro da garkunansu daga duwatsun Abruzo ta burtalai masu faɗin mita 111, su yi kiwo a Taboliyere su biya sarki. Da yake kuɗin na shiga baitulmali sosai, sai aka taƙaita noma a yawancin filin har tsawon ƙarni uku da rabi. Ƙasa ta zauna babu ƙauyuka, babu itatuwa, babu ƙananan manoma.

An rushe hukumar a 1806, sannan wata doka ta 1865, bayan haɗewar Italiya, ta saki filin ga noma. Wanda ke da kuɗi shi ya saya. Kafin ƙarshen ƙarnin, yankin garin Cerinyola ya koma hannun ƴan gidaje kaɗan, manyansu su ne gidan Pavoncelli da gidan La Rochefoucauld, masu sarauta ƴan Faransa. Suka shuka alkama da inabi a gandaye masu dubban eka. Har yau a tsakiyar Cerinyola akwai wani dandali mai ɗaruruwan rumbunan ƙarƙashin ƙasa inda ake zuba hatsi. Masu noma hatsin kuwa ba su da ko taƙi ɗaya. Ƴan barema ne, a cunkushe cikin gari, iyali guda a ɗaki guda, wani lokaci har da jaki. Sukan yi tafiyar awoyi a ƙasa kafin su isa gona, su yi aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Watanni da dama a shekara babu aikin ma. Zazzaɓin sauro ya yi katutu, ruwan sha kuwa saye ake yi, domin sai a 1915 ne babban bututun da aka jawo daga bayan duwatsu ya kai ruwa birnin Bari.

A cikin wannan hali aka haifi Di Vittorio a Cerinyola, a watan Agusta na 1892. Bai kai shekara goma ba mahaifinsa Michele ya rasu sanadiyyar ciwon da ya ɗauko a bakin aikin gonar ubangidansa. Yaron ya bar makaranta ya shiga layin ƴan barema don ciyar da mahaifiyarsa da ƴar'uwarsa. A watan Mayu na 1904 ma'aikatan gonar Cerinyola suka shiga yajin aiki, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka kashe mutane, cikinsu har da wani yaro abokinsa. Shekararsa 11 a lokacin. Daga nan bai sake barin ƙungiya ba.

Abu biyu ne tsofaffin Pulya suka fi tunawa da shi a ƙuruciyarsa, kuma babu yajin aiki a cikinsu. Na farko karatu ne. Harshen da ake yi a Cerinyola ya sha bamban da Italiyancin gwamnati da na kotu, saboda haka talaka kan tsaya gaban alƙali ko magatakarda kamar kurma. Di Vittorio ya riƙa rubuta duk kalmar da bai gane ba a ɗan littafi yana bin mutane da tambaya, har ranar da ya ci karo da ƙamus a wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai, ya gano ashe akwai littafin da ya tara kalmomin gaba ɗaya. Ya riƙe shi ya koyar da kansa, ya kuma matsa a buɗe wa ƴan barema makarantar dare. Na biyu sutura ce. A wancan zamani kaya kan nuna matsayin mutum: mai gona da kwat da malafa, ɗan barema da mayafi da ƴar hula, kuma in sun haɗu a hanya dole talaka ya cire hular ya rusuna. Di Vittorio ya sayi kwat da malafa ya fito dandali da su, ya sa samarin ƙungiyarsa suka yi haka, ya kuma koya musu cewa babu dokar da ta wajabta wa mutum cire hula don ya ga mai dukiya. Wanda bai san irin wannan zama ba zai ɗauka wasa ne. Masu gonaki ba su ɗauke shi wasa ba.

Buƙatun ƙungiyar a fili suke: a ƙayyade awoyin aiki da agogo, a san lada tun kafin a fita, kuma ɗaukar ma'aikata ya bi ta ofishin ƙungiya maimakon dandali, inda dillali ke fifita wanda ya fi ladabi ya bar mai baki da yunwa. Akwai kuma wata matsala da ta fi waɗannan wuya. Lokacin girbi masu gonaki kan kwaso ƴan ci-rani daga garuruwan gaɓar teku na wajen Bari, mutanen da talauci ya fi ci, waɗanda za su karɓi ko nawa aka ba su. Ƴan gari kan huce haushinsu a kansu, har a yi jina-jina. Matsayin da Di Vittorio ya tsaya a kai shi ne baƙo ba abokin gaba ba ne, a sa shi cikin ƙungiya a biya shi lada ɗaya da ɗan gari, in ba haka ba kowa zai faɗi. Kafin yaƙin duniya na farko ya riga ya jagoranci ofishin ƙwadago na garin Minerbino Murje, sunansa kuma ya kai Bari.

Bayan tarzomar watan Yuni na 1914 ya tsere zuwa Lugano a ƙasar Suwis, inda ya sami sararin karatu irin wanda bai taɓa samu ba. Ya dawo ya shiga soja, aka ji masa rauni a fagen daga a 1916, sannan hukumomin soja, da suka ɗauke shi ɗan tada zaune tsaye, suka yi ta jefa shi daga wannan sansani zuwa wancan, har Bardiya a gaɓar Libiya, wadda Italiya ke yi wa mulkin mallaka.

Da yaƙi ya ƙare ƙungiyoyin ƴan barema suka yi ƙarfin da ba su taɓa yi ba, masu gonaki kuma suka nemi mafita wajen ƴan fasist na Musolini. Abin mamaki, jagoran ƴan dabar fasist na Pulya, Giuseppe Caradonna, mai rundunar mahaya dawaki, shi ma ɗan Cerinyola ne. Aka riƙa ƙona ofisoshin ƙwadago ɗaya bayan ɗaya. A 1921 aka kama Di Vittorio aka kulle a gidan kason Lucera, garin da sarki Firedirik na biyu ya taɓa tsugunar da dubban Musulmin Sisiliya a ƙarni na 13, suka zauna da masallatansu har aka tarwatsa su a shekara ta 1300. Yana tsare jam'iyyar gurguzu ta sa sunansa a takara, talakawa suka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki a watan Mayu, dole aka buɗe masa ƙofa. Kujerar ba ta kare kowa ba a lokacin: a watan Satumba na shekarar ƴan fasist suka harbe abokin aikinsa ɗan majalisa Giuseppe Di Vagno a Mola ta Bari. A watan Agusta na 1922 Di Vittorio ya jagoranci ma'aikata da mazauna tsohuwar unguwar Bari suka tare ƴan fasist kwana da kwanaki, ba su shiga ba. Kusan wata uku bayan haka Musolini ya karɓi mulki a Roma.

Ya shiga jam'iyyar kwaminis a 1924. A 1926 ya sulale zuwa Faransa, kotun musamman ta gwamnati ta yanke masa ɗaurin shekara 12 a bayan idonsa. Shekarun gudun hijira sun kai shi Mosko, inda ya wakilci Italiya a ƙungiyar manoma ta duniya daga 1928 zuwa 1930, suka dawo da shi Paris yana yawo da sunan aro Mario Nicoletti. Matarsa ta fari, Carolina, ƴar barema kamarsa, a can Faransa ta rasu a 1935 ta bar masa ƴaƴa biyu. Ya je yaƙin basasar Sifaniya a 1936 tare da dakarun sa-kai na ƙasashen waje, ya dawo ya riƙe wata jarida ta ƴan ci-ranin Italiya a Paris. A cikinta ya yi tir da dokokin wariyar jinsi da Musolini ya kafa a kan Yahudawa a 1938, lokacin da mutane ƙalilan ne suka buɗe baki. Da Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitila a 1939 bai ɓoye rashin amincewarsa ba, jam'iyya ta mayar da shi gefe. Jamusawa suka kama shi a Paris a 1941 suka miƙa wa Italiya, aka tsare shi a tsibirin Bentotene har faɗuwar Musolini a 1943.

Babban aikinsa a nan ya fara, yana da shekara 51. A ɓoye, cikin Roma da ke hannun sojojin Jamus, ya yi ta tattaunawa da Bruno Buozzi na ƴan gurguzu da Achille Grandi na ƴan Katolika don a kafa sandika guda ta dukan ma'aikata, ko mai zuwa coci ko wanda ba ya zuwa. Jamusawa suka kashe Buozzi ranar 4 ga Yuni 1944 suna kan ficewa daga birnin, amma yarjejeniyar ta tabbata, aka haifi ƙungiyar CGIL. Di Vittorio ya shiga majalisar rubuta tsarin mulki a 1946, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya har ƴancin kafa ƙungiya da ƴancin yajin aiki suka shiga ayoyi na 39 da 40.

Haɗin kan bai daɗe ba. Bayan an harbi shugaban kwaminis Palmiro Togliatti a watan Yuli na 1948 ƙasa ta tsaya cik da yajin gama-gari, ƴan Katolika suka fice, kuma zuwa 1950 ƙungiyoyi uku ake da su. A kudu kuwa jini ya ci gaba da zuba a kan ƙasar noma. A ƙarshen 1949 ƴan sanda sun harbe manoma a Melisa ta jihar Kalabiriya, da Toremajore a Pulya, da Monteskaliyozo a Basilikata.

A wannan shekara, a babban taron CGIL na Jenowa, Di Vittorio ya gabatar da abin da ya kira shirin aiki. Marasa aiki a Italiya sun kai wajen miliyan 2 a lokacin. Lissafinsa shi ne ƙarin albashi ga mai aiki ba ya amfanar wanda ba a ɗauka ba, kuma muddin dandali cike yake da masu jira, mai gona ne zai yanka farashi. Don haka ya nemi gwamnati ta karɓi wutar lantarki daga hannun kamfanoni, ta gyara fadamu ta jawo ruwan ban-ruwa, ta gina gidaje, makarantu, asibitoci da hanyoyi. Ya ma nuna cewa ma'aikata a shirye suke su sassauta buƙatunsu idan za a ɗauki ƴan'uwansu aiki. Ba kasafai ake jin haka daga bakin shugaban sandika ba, balle ɗan kwaminis a tsakiyar yaƙin cacar baka. Gwamnatin De Gasperi ta ƙi shirin, jam'iyyarsa ma ba ta rungume shi da hannu biyu ba. Duk da haka a 1950 gwamnati ta kafa asusun raya kudu, ta kuma yi dokar raba wani ɓangare na manyan gandaye ga talakawa, lantarki kuwa ya koma hannun gwamnati a 1962. Haka ma dokar kare haƙƙin ma'aikaci a cikin masana'anta da ya nema a 1952, sai a 1970 ta fito.

Daga 1949 shi ne kuma shugaban tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta duniya, FSM, wadda CGT ta Faransa ke ciki. Ta wannan hanya ce inuwarsa ta taɓo Afirka ta Yamma, tun da yawancin sandikokin ƙasashen renon Faransa na wancan lokaci da CGT suke rataye, har da wadda Djibo Bakary ya jagoranta a Nijar. FSM dai ƙungiya ce da ke bin bayan Mosko, kuma Di Vittorio ya yi shekaru a kanta bai ce uffan ba game da ma'aikatan da ke bayan labulen ƙarfe, waɗanda ba su da ikon yajin aikin da ya sama wa Italiyawa. Wannan tabo ne a tarihinsa. Ya buɗe baki a ƙarshe a 1956. Da ma'aikatan Poznan a Polan suka tashi, ya ƙi yarda cewa ƴan baranda ne kawai suka zuga su. A watan Oktoba, da tankokin Sobiyet suka shiga Budapes, CGIL ta fitar da sanarwar yin Allah wadai da amincewarsa. Togliatti da shugabannin jam'iyya suka taso shi gaba a taron sirri har ya ja da baya kaɗan a bainar jama'a, amma bai fita daga jam'iyyar ba. Shekara guda kafin nan ma ya ba mutane mamaki: da CGIL ta sha kaye a zaɓen wakilan ma'aikata na kamfanin motoci na FIAT a 1955, bai tsaya ga zargin kamfanin da tsoratar da mutane ba, ko da yake an yi hakan, ya ce ƙungiyar ce ta yi nisa da abin da ke faruwa a cikin masana'anta.

Zuciyarsa ta riga ta yi masa gargaɗi fiye da sau ɗaya. Ranar 3 ga Nuwamba 1957, bayan ya yi wa wakilan ƙwadago jawabi a Leko, arewacin Italiya, ta buga ta tsaya. Yana da shekara 65. Jirgin ƙasan da ya ɗauko gawarsa zuwa Roma ya riƙa tarar da jama'a a tasha bayan tasha, aka binne shi a maƙabartar Berano.

Aikin da ya nema wa kudu bai zo yadda ya so ba. Filayen da aka raba ƙanana ne, da yawa ba su ciyar da iyali. Ƴaƴan ƴan barema suka kama hanyar ci-rani zuwa Turin da Milan, da Jamus, da ramukan kwal na Beljiyam, inda gobarar Marsinel ta 1956 ta ci mutum 262, 136 daga cikinsu Italiyawa. Gwamnati ta gina katafaren kamfanin ƙarfe a Taranto, aka buɗe shi a 1965, ya ɗauki dubban mutane, sannan a 2012 kotu ta ba da umarnin ƙwace wani sashensa saboda gubar da yake zuba wa gari. Daga 2013 wata cuta mai suna Xylella ta kama itatuwan zaitun na kudancin jihar ta busar da miliyoyi. Har yanzu rashin aiki a Pulya ya ɗara na arewacin ƙasar, matasa masu digiri kuma na ci gaba da tafiya.

Gurbin da suka bari a gona shi baƙi suka cike, suna kwana a bukkokin kwali da leda irin na Borgo Mezanone, kusa da Fojiya. A 2011 wani ɗalibi ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, ya jagoranci yajin aikin masu tsinkar tumatir a Nardo, daga baya ya yi aiki da reshen ma'aikatan gona na CGIL. A 2015 wata mata ƴar Italiya ta faɗi ta mutu a gonar inabi a Andiriya, kuma a shekarar da ta biyo majalisa ta yi doka mai lamba 199, wadda ta tanadi ɗauri ga dillali da mai gonar da ya yi amfani da shi. A ranakun 4 da 6 ga Agusta 2018, ma'aikata 16, dukansu baƙi, suka mutu a haɗarin mota biyu a lardin Fojiya suna dawowa daga gona a cunkushe. Ranar 8 ga wata ɗaruruwan abokan aikinsu suka ajiye akwatuna, suka taka a ƙasa daga bukkokinsu na wajen San Sebero har cikin Fojiya, sanye da jajayen huluna irin waɗanda ake sawa don kare rana a gonar tumatir.